Yadda ake tsara sujada, waƙa da ado a majami'u

Sujadar ranar Lahadi a majami'a takan ɗauki sa'a biyu zuwa uku a wurare da dama, amma shirinta yakan fara tun kwanaki kafin ranar. Ayoyin da za a karanta, da waƙoƙin da za a rera, har ma da launin ƙyallen da za a shimfiɗa a kan bagadi, duk akwai tsarin da ake bi wajen zaɓensu.

Kalandar ikilisiya

A ɗarikun Katolika da Angilika da Lutaran, kalandar ikilisiya ce ginshiƙin wannan tsari. Shekarar tana farawa ne da Lahadi huɗu na shirin Kirsimeti, sannan bikin kansa a ranar 25 ga watan Disamba.

Daga nan sai azumin kwana 40, wanda ke farawa ranar Larabar Toka, ya kuma kai ga bikin Ista, lokacin da Kirista ke tunawa da tashin Yesu Almasihu daga matattu, kamar yadda suka yi imani.

Ranar Ista ba ta tsayawa wuri guda. Bisa ƙa'idar da ake dangantawa da taron Nikiya na shekarar 325, ita ce Lahadin farko bayan cikar wata da ta zo a ranar 21 ga Maris ko bayanta. Shi ya sa a majami'un da ke bin kalandar Yammacin Turai take faɗowa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. A rana ta hamsin kuma sai bikin Fentikos.

Tun shekarar 1969 cocin Katolika ke bin jadawalin karatu na shekara uku: shekara guda ana karanta Bisharar Matiyu, ta biyu Markus, ta uku Luka, ana kuma saka Yohanna musamman a lokacin azumi da Ista.

Majami'u irin su ECWA da Baftis ba su ɗaure kansu da irin wannan jadawali ba. A can fasto da dattawan ikilisiya ne ke tsara jigon wa'azi da jerin masu jagorancin sujada.

Ma'anar launuka

A majami'un da ke bin kalandar, launin tufafin limami da na ƙyallen bagadi yana nuna lokacin da ake ciki. Shunayya alama ce ta tuba da jira, don haka ake sa ta a lokacin azumi da shirin Kirsimeti. Fari na murna ne, wato na Kirsimeti da Ista. Ja na nuni da jini da kuma wuta, ana sa shi ranar Juma'ar tunawa da gicciye Yesu a cocin Katolika, da ranar Fentikos. Kore kuwa na sauran makonnin shekara ne.

Rage ado ma wani ɓangare ne na tsarin. Dokar Katolika ta hana ƙawata bagadi da furanni a yawancin kwanakin azumi, kuma ba a rera Halleluya sai daren Ista. Ranar Alhamis ta makon ƙarshe akan kwashe duk abin da ke kan bagadi a bar shi tsirara.

Haka kuma ganyen dabino ko na kwakwar manja da masu ibada ke riƙewa a Lahadin da ke gaban Ista, shi ake ƙonawa a samu tokar da za a shafa a goshi a farkon azumin shekara mai zuwa.

Daga waƙoƙin Turawa zuwa tulu

A arewacin Nijeriya, tsarin sujada ya zo ne tare da Turawan mishan. Ƙungiyar SIM ta fara yunƙurinta a 1893, SUM ta iso a 1904, mishan ɗin da ya haifar da EYN kuma ya kafu a Garkida a 1923. Da yake ƙabilun yankin suna da harsuna masu yawa, Hausa ce ta zama harshen ibada na bai ɗaya, musamman bayan fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932.

Yawancin abin da ke cikin Littafin Waƙoƙi na Hausa fassara ce daga Turanci, da muryoyinsu na asali. Wannan ya kawo matsala, domin Hausa harshe ne mai karin sauti, kuma muryar Turawa ba kullum take dacewa da hawa da saukar kalmomin ba. Bugu da ƙari, 'yan mishan da dama sun ƙyamaci ganguna, saboda suna danganta su da bori da addinin gargajiya.

Mata sun taka muhimmiyar rawa wajen sauya wannan. Ƙungiyoyin Zumuntar Mata sun riƙa tsara waƙoƙi irin na gida, inda zabiya ke bayarwa sauran na amsawa, da kiɗan tulu da caki da kuge. Ƙungiyoyin Sabon Rai, waɗanda suka samo asali daga wani gangamin bishara na shekarun 1960, su ma sun bi wannan hanya.

A ɓangaren Katolika, babban taron Fadar Batikan na 1962 zuwa 1965 ne ya ba da damar yin ibada da harsunan gida maimakon Latin kaɗai, ya kuma ƙarfafa amfani da kaɗe-kaɗen al'ummomi.

Gini ma bai tsira daga wannan tasiri ba. Cocin Saint Bartholomew da ke Wusasa kusa da Zariya, wanda aka gina a 1929, ginin ƙasa ne irin na maginan Hausa.

Ina ake samun saɓani?

Zaɓen waƙa na daga cikin abubuwan da suka fi jawo muhawara. Matasa da yawa sun fi son jita da fiyano da manyan lasifikoki, irin salon majami'un Fentikostal da suka yaɗu tun shekarun 1970. Dattawa kuwa na ganin tsofaffin waƙoƙi sun fi ɗauke da koyarwa.

Akwai kuma batun harshe. Majami'u da dama a Jos da Kaduna da Abuja sun raba sujada biyu, ɗaya da Turanci, ɗaya da Hausa, abin da wani lokaci kan sa iyaye da 'ya'yansu ba sa haɗuwa a sujada guda.

Saboda haka masu tsara sujada kan raba lokaci tsakanin mawaƙan coci da Zumuntar Mata da matasa, domin kowane rukuni ya ji cewa da shi ake yi. A lokacin bikin godiya na kaka kuwa, dammunan dawa da doya da masarar da manoma suka kawo baiko ne kan zama adon gaban majami'a.