Yaƙin Cacar Baka: Yadda Amurka da Sobiyet Suka Raba Duniya Gida Biyu

Yaƙin Cacar Baka shi ne zaman doya da manja da aka yi tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, kowace da ƙawayenta, daga wajen 1947 zuwa ƙarshen 1991. Amurka na riƙe da tutar jari-hujja: kasuwa ke yanke farashi, mutum ya mallaki gonarsa da masana'antarsa, jam'iyyu su fafata a zaɓe. Sobiyet kuwa na kan tsarin kwaminisanci, wato gurguzu, inda gona da masana'anta da banki duk na gwamnati ne, jam'iyya kuma ɗaya tal. Ƙasashen biyu ba su taɓa shelanta yaƙi da juna ba. Jinin da aka zubar galibi na wasu ne: Koriyawa, 'yan Biyetnam, 'yan Angola da 'yan Afganistan.

Mafari

Hitler ne ya haɗa Amurka da Sobiyet, faɗuwarsa kuma ta raba su. A watan Afrilun 1945 sojojin ƙasashen biyu suka gamu a bakin kogin Elbe na Jamus suna musabaha. Amma Sobiyet ta yi asarar mutum wajen miliyan 27 a Yaƙin Duniya na Biyu, don haka Joseph Stalin ya sha alwashin ba za a ƙara auka wa ƙasarsa daga yamma ba. Kusan duk inda sojojinsa suka taka a gabashin Turai, sai da aka kafa gwamnatin da ke jin maganar Mosko.

Amurka ta ga abin a matsayin mamaya. A 1947 Shugaba Harry Truman ya yi alkawarin tallafa wa Girka da Turkiyya don kada gurguzu ya haɗiye su, sannan Shirin Marshall ya zuba kimanin dala biliyan 13 wajen farfaɗo da yammacin Turai. Da Stalin ya toshe hanyoyin shiga Berlin ta Yamma a 1948, sai Amurka da Birtaniya suka riƙa jigilar abinci da gawayi ta sama, sawu fiye da 200,000, har ya janye. A 1949 aka kafa ƙungiyar tsaro ta NATO, Sobiyet ta gwada bam ɗin nukiliyarta na farko, Mao Zedong kuma ya karɓi mulkin Sin. Mosko ta kafa tata rundunar ƙawancen Warsaw a 1955.

Bakin rami

Tsoro ne ya hana manyan biyu gwabzawa. Kowace ta san in ta harba makamin ƙare-dangi, ita ma ba za ta kwana ba. Duk da haka aka yi ta ƙera su, har adadinsu a duniya ya haura 60,000 a tsakiyar shekarun 1980. Gasar ta kai sararin samaniya: Sobiyet ta harba Sputnik a 1957, ta aika Yuri Gagarin a 1961, Amurka ta rama da sauka a duniyar wata a 1969.

Ba a taɓa kusantar halaka ba kamar a Oktoban 1962. Jiragen leƙen asirin Amurka suka gano Sobiyet na girke makamai masu linzami a Kyuba, a ƙofar gidan Amurka. Kwana 13 duniya na zaman ɗar-ɗar, kafin John Kennedy na Amurka da Nikita Khrushchev na Sobiyet su sasanta: Sobiyet ta kwashe makamanta, Amurka ta yi alkawarin ba za ta mamaye Kyuba ba, ta kuma cire nata makaman daga Turkiyya a asirce.

Inda wuta ta ci

Yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953 ya laƙume miliyoyin rayuka, aka kuma tashi kusan a kan iyakar da aka fara. A Biyetnam Amurka ta rasa soja kimanin 58,000, 'yan ƙasar da suka mutu kuwa sun kai miliyoyi. Kowane ɓangare na da nasa zalunci. Tankokin Sobiyet sun murƙushe boren Hangari a 1956 da sauye-sauyen Cekoslobakiya a 1968. Hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, na da hannu a kifar da Muhammad Musaddiq na Iran a 1953 da gwamnatin Gwatamala a 1954.

Afirka ta samu 'yanci ne ana tsakiyar wannan rikici, ta kuwa ɗanɗana kuɗarta. A Kwango, Firaminista Patrice Lumumba ya nemi taimakon Mosko bayan ɓallewar lardin Katanga. Aka kashe shi a Janairun 1961, daga baya Mobutu ya shafe shekara 32 yana mulki, mafi yawansu da ɗaurin gindin ƙasashen Yamma. A Angola, dubban sojojin Kyuba suka mara wa ƙungiyar MPLA baya, Amurka da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu suka tsaya wa abokiyar gabarta UNITA. A yaƙin Ogaden na 1977, Mosko ta juya wa Somaliya baya ta rungumi Habashar Mengistu, Siad Barre na Somaliya kuwa ya koma wajen Amurka.

Nijeriya ma ta ji a jikinta. A yaƙin basasa, da Amurka ta ƙi sayar wa gwamnatin Gowon makamai, Sobiyet ce ta ba ta jiragen yaƙi ƙirar MiG, kuma kamfanin Sobiyet ne ya karɓi kwangilar masana'antar ƙarafa ta Ajaokuta a 1979. A Janairun 1976, a Addis Ababa, Janar Murtala Muhammad ya yi fatali da matsin lambar Amurka, ya goyi bayan MPLA. Gasar ta shigo har zaurukan ƙasar Hausa ta akwatin rediyo, domin Mosko da Bejin da Landan da Washington duk sun buɗe sashen Hausa.

Yadda aka ƙare

Ba a fagen daga Sobiyet ta faɗi ba. Daga ciki ta ruɓe. Ƙasar da ke harba kumbo ta koma sayen hatsi daga waje, jama'a na bin layin nama da sabulu. Ta kutsa Afganistan a Disamban 1979, ta maƙale shekara tara, ta rasa soja wajen 15,000 a hannun mujahidan da Amurka da Pakistan da Saudiyya ke ɗaure wa gindi. Shugaban Amurka Ronald Reagan ya ƙara kasafin tsaro, farashin mai ya karye a 1986, a shekarar kuma tashar nukiliya ta Chernobyl ta yi bindiga.

Mikhail Gorbachev, wanda ya hau mulki a Maris 1985, ya so gyara tsarin ne, ba rushe shi ba. Ya sassauta takunkumin faɗin albarkacin baki, ya fara garambawul ga tattalin arziki, ya sa hannu da Reagan a 1987 kan kawar da makamai masu linzami masu cin matsakaicin zango. Mafi girman abin da ya yi shi ne abin da ya ƙi yi: bai tura tankoki gabashin Turai ba.

Da mutane suka gane haka, sai 1989 ta zo da guguwa. Ƙungiyar ƙwadago ta Solidarity ta lashe zaɓen Polan a watan Yuni. Hangari ta buɗe iyakarta da Ostiriya. Daren 9 ga Nuwamba, wani jami'in Jamus ta Gabas, Günter Schabowski, ya gaya wa 'yan jarida cewa sabuwar dokar tafiye-tafiye ta fara aiki nan take. Dubban mutane suka yi cincirindo a katangar Berlin, wadda ta raba iyalai tun 1961, masu gadi suka rasa ta-cewa, suka buɗe ƙofa. Jamus ta sake haɗewa ran 3 ga Oktoban 1990.

Masu ra'ayin riƙau sun yi yunƙurin juyin mulki a Mosko a Agustan 1991, amma Shugaban Rasha Boris Yeltsin da mutanen gari suka tsaya musu, yunƙurin ya wargaje cikin kwana uku. Ran 25 ga Disamba Gorbachev ya yi murabus, Tarayyar Sobiyet ta dare gida 15.

Sauyin ya isa Afirka da wuri. An saki Nelson Mandela a Fabrairun 1990, Namibiya ta samu 'yanci a watan Maris, Siad Barre da Mengistu suka tsere a 1991, Benin da Nijar suka kira babban taron ƙasa da ya kawo jam'iyyu barkatai. Sai dai wasu kulle-kullen ba su warware ba. Koriya na nan a rabe, Amurka da Rasha na riƙe da mafi yawan makaman nukiliyar duniya, kuma shigar tsoffin ƙawayen Mosko cikin NATO tun daga 1999 na cikin hujjojin da Rasha ta kafa lokacin da ta auka wa Yukiren a 2022.