Amalanke a Zamanin Jirgin Taurari

A shekarar 1977 wani mutumin Amurka, Marc Miller, ya fito da wani wasa mai suna Traveller, watau matafiyi. Ƙananan littattafai uku ne baƙaƙe a cikin kwali. Mutane kan zauna gewaye da tebur, ɗaya ya zama alƙalin wasa yana ba da labari, sauran kowa ya ɗauki matsayin wani mutum a cikin labarin. In an zo wurin da ba a san yadda abu zai kasance ba, sai a jefa ƙwayoyi biyu irin na ludo su raba gardama.

Labarin na wani zamani ne can gaba, sa'ad da 'yan Adam suka bazu cikin taurari. Mai karatu zai zaci a irin wannan zamani babu sauran mai bin jaki. To, Miller bai tsara haka ba. Kowace duniya sai da ya ba ta matakin sana'arta. A matakan ƙasa akwai kwalekwale da amalanke, sa'an nan jirgin ruwa wanda iska ke turawa, kana jirgin ƙasa, daga nan mota da jirgin sama. Da ƙwayar nan ake fitar da matakin kowace duniya. Saboda haka matafiyi yana iya ratso taurari ya sauka lafiya, amma garin da yake nema yana nisan kwana goma, ba kuwa abin hawa sai dabba. Dole ya nemi jagora, ya yi ciniki, ya auna guzuri da ruwa. Nan daɗin wasan yake, gama mai mota ba ya sanin mutanen hanya, amma mai amalanke tilas ya kwana a hannunsu.

Akwai kuma wata doka wadda ta mai da sarautar taurarin nan kamar ta dā. Ba waya tsakanin tauraro da tauraro. Saƙo ba ya riga jirgi isa, jirgin kuwa kowane tsallake ɗaya mako guda yake ci. Daga baya aka ƙara wa labarin jiragen wasiƙa, wannan ya miƙa wa wancan, zango zango.

Wannan dabara tsohuwa ce a ƙasar su Miller. A 1860 aka kafa Pony Express, mahaya suna sukuwa da wasiƙu daga Misuri zuwa Kalifoniya cikin kwana goma, suna sauya doki a kowane zango. Wayar tangaraho ta kashe shi a watan Oktoba na 1861. A cikin Traveller ba a bar tangarahon ya zo ba. Shi ya sa hakimin da ke bakin iyaka yakan yanke hukunci da kansa, don kafin amsa ta komo daga fada an yi watanni, wani lokaci ma yaƙin da ya kai ƙara a kansa ya riga ya ƙare.