Daga Barantaka Zuwa Takardar Albashi: Tarihin Haƙƙin Ma'aikaci da Haraji a Fataucinmu



Duk shekara idan ranar kafa ƙungiyarmu ta zagayo, mukan cika wannan mujalla da labarin hanya: shingaye, duwan, canjin naira da sefa, da farashin wake a Dawanau. Bana shugabanni sun ce mu da ke riƙe da littattafan ofis mu taɓo wani abu da ba a cika son zancensa ba, wato albashin yaranmu da abin da hukuma ke cirewa a cikinsa. Mun ga ya fi kyau mu faro daga tushe, don mutum ya fi jure ɗaukar kaya idan ya san inda aka ɗauro shi.

Zamanin ayari

Haraji ba baƙo ba ne ga ɗan kasuwa. Tun kafin Bature ya zo, manomi na biyan kuɗin ƙasa, makiyayi na biyan jangali, marina na biyan kuɗin karofi, duk a wuri ko a kaya. Wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya ratsa Tasawa da Katsina ya shiga Kano a 1851, ya rubuta cewa kuɗin ƙasa a Kano wuri 2,500 ne a kan kowane magidanci.

Fatake kuwa nasu harajin a hanya yake. Ayarin da ya tashi zuwa Gwanja neman goro yakan shafe watanni yana tafiya, kowace ƙasa ya shiga sai an biya sarkinta, kowane babban kogi sai an biya kuɗin fito. Madugu ne ke zama da masu gari ya yi ciniki, sannan a raba abin da aka yanke bisa yawan kayan kowa. Idan muka lura, aikin da ƙungiya ke yi yau ke nan: mutum ɗaya ya yi magana da hukuma da yawun kowa, kowa ya ba da kasonsa.

Abin da babu a wancan zamani shi ne albashin wata. 'Yan alaro da masu korar jakuna akan biya su ladan tafiya. Sauran ma'aikatan attajiri kuwa barorinsa ne da yaran gidansa. Yaro zai zauna a hannun ubangida shekara da shekaru, ci da sha da sutura duk a kansa. Idan ya isa aure ubangida ya yi masa, idan ya nuna amana a ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa. Ba takarda, ba sa hannu. Shaidar ita ce idon jama'a, kuma attajirin da ya yi watsi da baransa bayan ya tsufa ya san kunyar da ke jiransa a gari. Ba za mu ɓoye ba, a cikin masu ɗaukar kayan nan har da bayi, waɗanda ba su da lada ko kaɗan.

Iyaka ta shigo, kuɗi ya canza

Faransawa sun kama Damagaram a 1899, Ingilishi suka kama Kano da Sakkwato a 1903. Tsakanin 1906 da 1908 aka bi daji ana kafa alamun iyaka, Maraɗi ta faɗa hannun wannan, Katsina ta faɗa hannun wancan. Daga nan dangi ɗaya ya koma biyan haraji iri biyu.

A ɓangaren Ingilishi, Lugga ya bar tara haraji a hannun sarakuna da hakimai da dagatai, aka tattara tsofaffin kuɗaɗe aka mai da su haraji ɗaya. Ya kuma ɗora wa ayari kuɗin hanya, amma aka soke shi a 1907. A Katsina aka fara kafa baitulmali na En'e, kuma daga nan ne sarki da alƙali da dogari suka fara karɓar albashi a ƙarshen wata. 

A ɓangaren Faransa kuwa lanfo ne a kan kowane kai, ga kuma aikin tilas na gina hanya da bariki ba tare da lada ba. Tsofaffinmu sun ba mu labarin ƙauyukan da suka kwashe cikin dare suka tsallaka kudu saboda nauyin lanfo. Duka gwamnatocin biyu sun daina karɓar wuri, suka ce sai tsabar kuɗinsu. Wannan ne ya tura mutane noman gyaɗa da cin rani, musamman bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Mai neman kuɗin haraji dole ya sayar da amfanin gona ko ya sayar da ƙarfinsa, ta haka aikin lada ya yaɗu.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abubuwa suka fara sauƙi. An ƙirƙiro sefa a Disamban 1945. An haramta aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulki a Afrilun 1946. A Disamban 1952, bayan gwagwarmayar ƙungiyoyin ƙwadago, aka fito da dokar aiki wadda ta tsara awoyin aiki da hutu da mafi ƙarancin albashi. Sai dai waɗannan dokoki sun tsaya ne a ofisoshin gwamnati da kamfanonin Turawa masu sayen gyaɗa. Ba su shiga zauren Alhaji ba.

Bayan samun 'yancin kai

A Nijeriya an yi dokar harajin kuɗin shiga a 1961, aka kuma kafa asusun ajiyar ma'aikata a shekarar. Tsarin da ake kira PAYE ya kafu: mai ɗaukar aiki shi zai cire haraji daga albashi kafin ya miƙa wa ma'aikaci, shi zai kai wa hukuma. A Nijar an kafa asusun kula da ma'aikata na ƙasa, CNSS, wanda muke kira Kes, a 1965. Da wannan mataki gwamnati ta mai da duk mai biyan albashi ya zama mai tara mata haraji, aikin da a dā mai unguwa ke yi gida-gida.

Tsohon harajin kai kuma ya fara ja da baya. A ƙarshen shekarun 1970, lokacin da kuɗin yuraniyom ke shigowa, gwamnatin Seyni Kountché ta ɗauke wa talaka lanfon kai na gwamnatin tsakiya. A 1979 gwamnonin jam'iyyar PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, wadda a lokacin Katsina na cikinta, suka soke haraji da jangali. An yi murna sosai. Amma gwamnati ba ta rayuwa babu kuɗin shiga, don haka idonta ya ƙara komawa kan kasuwa da iyaka da albashi.

A daidai wannan lokaci ne kasuwancin alhazan Maraɗi da Damagaram da Ƙonni ya bunƙasa, tun daga yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970 har zuwa zamanin kuɗin man fetur. Jaki da raƙumi suka ba mota wuri. Attajirin da a dā yake da barori biyar a zaure ya wayi gari da direbobi, yaran mota, masu gadin sito, akawu, da wakili a Kano ko Kwatano. Da yawansu ba 'yan uwansa ba ne, ba kuma 'yan garinsu ba. Aiki ya zama na zamani, biya kuma ya tsaya a na dā: kuɗin cefane, kuɗin hanya, rigar salla, sai abin da hannu ya kai.

Inda tsohon tsari ya gaza

Barantaka tana tafiya daidai muddin ubangida na da rai kuma kasuwa na ci. Tarihinmu ya nuna mana sau nawa ɗayan biyun ke yankewa. An rufe iyaka daga Afrilun 1984 zuwa 1986. An karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994. An sake rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka kuma rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Duk lokacin da motoci suka yi layi a Ɗan Isa da Jibiya, ko Ƙonni da Illela, wanda ya fara jin yunwa shi ne yaron da ba shi da albashi tsayayye.

Mu da ke zaune a ofis mun ga abin da idonmu. Akwai direban wani membanmu da ya yi masa tuƙi tun yana saurayi har furfura ta fito. Alhaji ya riƙe shi da kyau, ba wanda ya taɓa jin kansu. Da Alhaji ya rasu aka raba gado, motoci suka watse hannun magada. Bayan 'yan watanni direban ya zo mana da sanda, idonsa ya raunana, yana tambaya ko akwai wata takarda da ke nuna shekarun da ya yi yana aiki. Muka buɗe kowane littafi, ba mu sami sunansa ba ko sau ɗaya. Ba a taɓa yi masa rajista ba, don haka babu fansho. Magadan ba mugaye ba ne, amma alkawarin da ke tsakaninsa da mahaifinsu a baki yake, kuma an binne shi tare da mai shi. Karo-karo muka yi masa a taron wata, abin da bai kai shi ko'ina ba.

Mun kuma ga ɗaya gefen. Wani memba ya nemi kwangilar kai hatsi, farashinsa ya fi na kowa sauƙi, amma aka nemi takardar shaidar biyan haraji da ta Kes, ba shi da su. Kwangilar ta tafi hannun wanda bai kai shi jari ba.

Abin da doka ke nema yau

A Nijar, mai ɗaukar ma'aikata yana buƙatar lambar NIF daga ofishin haraji da lambar rajista a Kes, sannan kowane ma'aikaci ya sami tasa lambar. Daga albashi ana cire kashi 5.25 cikin ɗari na Kes, mai gida kuma ya ɗora kashi 16.4 daga aljihunsa, wanda ya ƙunshi fansho, haɗarin aiki da kuɗin iyali. Misali, direba mai albashin sefa 60,000: za a cire masa 3,150, mai gida ya ƙara 9,840. Bayan haka akwai harajin albashi, ITS, wanda ke hawa daki-daki gwargwadon girman albashi, ana kai shi kafin 15 ga watan da ke biye. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000 tun Janairun 2024.

A Nijeriya, harajin PAYE na zuwa ne ga hukumar haraji ta jihar da ma'aikaci ke zaune, ana kai shi kafin 10 ga watan da ke biye, sannan a miƙa lissafin shekara kafin ƙarshen Janairu. Dokar fansho ta 2014 ta sa ma'aikaci ya ba da kashi 8, mai gida kashi 10, kuma ta wajaba a kan mai ma'aikata 15 zuwa sama. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai gida kashi 1 na jimillar albashi, ana biya ga NSITF. Mafi ƙarancin albashi, wanda ya fara da naira 125 a 1981, ya kai naira 70,000 a 2024. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025 ta yafe haraji a kan naira 800,000 na farko a shekara, don haka ƙananan ma'aikata da yawa ba abin da za a cire musu ta wannan fuska.

Mai shago a Maraɗi da sito a Katsina littafi biyu zai riƙe, kowane da kuɗin ƙasarsa da dokar ƙasarsa. Kada a haɗa su. Waɗannan alƙaluma kuma gwamnati na canza su, saboda haka a riƙa tuntuɓa kafin a yi lissafi.

Abu ɗaya muke so mu ja kunne a kai. Kuɗin da aka cire daga albashin yaro ba na mai gida ba ne, ko da kwana ɗaya. Amana ce a hannunsa har ya kai ta inda aka ce. Wanda ya cire ya juya a kasuwa yana cewa zai biya idan kaya sun fita, ya ci haƙƙin mutum biyu, ga kuma tara tana hawa a kansa kowane wata.

Roƙonmu a wannan shekara

Ba muna cewa a watsar da halin iyayenmu ba. Rigar salla da gudunmawar aure da buhun gero lokacin azumi, babu dokar da ta hana su, babu kuma dokar da za ta maye gurbinsu. Muna cewa ne a ƙara musu takarda, don alherin ya rayu bayan mai shi.

Kowane memba ya sayi littafi guda. A rubuta sunan ma'aikaci, ranar da ya fara aiki, albashinsa, bashin da ya karɓa, abin da aka cire, da abin da ya shiga hannunsa, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. A raba kuɗin hanya da albashi, kowane da layinsa. A adana rasit na kowane biya. Wanda ba shi da akawu ya zo ofishin ƙungiya, za mu zauna da shi mu tsara shafin farko, mu kuma raka shi wajen rajista. A fara da direbobi da yaran mota, don su ne kullum ransu ke kan hanya.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka share mana wannan hanya, ya sa albarka a kasuwancinmu, ya ba ƙasashenmu zaman lafiya, ya maimaita mana.

Daga ofishin akawun ƙungiya.