Sikila

sikila (suna, mace, an aro ta daga Turanci, inda asalin kalmar ke nufin lauje). Ana kuma cewa amosanin jini.

1. Cutar jini da yaro ke gada daga uwa da uba a tare. Jajayen ƙwayoyin jininsa kan lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyi, su mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon 120. Daga nan ciwon ƙashi da ƙarancin jini da shawara ke tasowa, hannu da ƙafar jariri su kumbura. Likita James Herrick ya fara bayyana ta a Amurka a 1910. Babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan masu ita.

2. Mai ɗauke da cutar: *ɗanta sikila ne.*

Ba a gane cutar da ido. Sanyin ƙashi ko maita da ake ɗora wa laifi suna ɓata lokaci ne kawai. Jini ake ɗiba. Gwajin madubin likita yana nuna akwai sikila a jini, amma bai raba AS (wanda ya gada daga ɓangare ɗaya) da SS (mai cutar), sai gwajin da ake rarrabe jinin da lantarki. 

Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na SS. Iyaye, don Allah a yi gwajin kafin a kai kuɗin aure.