Dutsen Gaɓar Teku Da Ya Zama Makaranta

Ɗan'uwa mai sauraro, in ka taɓa tsayawa bakin sabuwar rijiya, ka ga yadda ƙasa ke fitowa hawa-hawa: yashi, laka, tsakuwa, sannan dutse. To, karanta waɗannan hawa-hawan ilimi ne mai zaman kansa, ga kuma tarihin wani wuri da ake kai ɗalibai su koye shi.

James Hutton manomi ne a ƙasar Sikotlan, an haife shi a 1726. Ya lura ruwan sama na kwashe masa ƙasar gona zuwa teku. Sai ya ce a ransa: in haka take tafiya kullum, me ya hana tudu ƙarewa? Amsarsa ita ce lakar da ta kwanta a ƙarƙashin teku tana daskarewa ta zama dutse, daga baya ta ɗago ta zama sabon tudu. Amma magana ba hujja ai iska ce.

A cikin gona ciyawa ta rufe komai. A gaɓar teku kuwa igiyar ruwa ta yanke dutse, cikinsa a fili. Shi ya sa a 1788 ya shiga kwale-kwale da abokansa biyu, John Playfair da James Hall, suka bi gaɓa har wani wuri mai suna Siccar Point. Nan suka tarar da duwatsu masu ruwan toka a tsaye, ga jan dutsen yashi kwance a kansu. Na ƙasan a kwance suka fara, sai ƙasa ta motsa ta miƙar da su, ruwa ya cinye kawunansu, sannan jan yashi ya rufe su. Masana na yau sun kiyasta shekara miliyan 65 tsakanin hawan biyu.

Har gobe ana kai ɗalibai can. Sai dai malami mai hankali ba ya zaɓen gaɓa da ka. Zai duba ko darasin na fitowa ƙarara, ko gangaren zai sauku, da lokacin da teku ke janyewa, domin kusan sau biyu yake cikowa kowace rana. Wanda ya yi sakaci, ruwa ya tare wa yara hanya. Kai da ke ƙetare gulbi da garke da damina ka san wannan lissafi.

Kada ka ce teku ya yi maka nisa. Wajen shekara miliyan 60 da suka wuce, ya rufe yankin Sakkwato da Tawa. Farar ƙasar da ake yin siminti da ita a Kalambaina da Malbaza a cikinsa ta kwanta. In ka tsinci dutse mai siffar katantanwa a wurin kiwo, ka ajiye wa malamin makarantar garinku, ka gaya masa daidai inda ka same shi.