Gajere Ba Yaro Ba: Tarihin Tsawo A Filin Wasa, Daga Kano Zuwa Amurka

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu horar da yara ƙwallo a nan Keffi, wato idan yaro ya zo gwaji sai a dube shi daga sama zuwa ƙasa tun bai taɓa ƙwallo ba, a ce "wannan ai ba shi da jiki." Abin da ake nufi shi ne gajere ne. Idan kuwa ya kuskura ya ce shi gola yake son zama, to har dariya sai an yi masa. Da yawa cikin ƙannenmu 'yan shekara 14 ko 15 sun dawo gida da wannan amsa, sun rataye takalmi sun koma zaman shago ko tuƙin babur. Shi ya sa na ga ya dace mu waiwayi tarihi, mu ga shin tsawon ne ke hana gajere, ko kuwa masu zaɓen ne ke tare masa ƙofa.

Bari mu fara da Kano. A shekarar 2009 ƙungiyar Kano Pillars ta karɓi aron wani yaro haifaffen Jos mai suna Ahmed Musa, wanda a lokacin bai cika shekara 18 ba, tsawonsa kuma bai wuce kimanin mita 1.70 ba. A kakar 2009/2010 yaron nan ya ci ƙwallo 18 a gasar ƙungiyoyin Najeriya, adadin da ya kafa tarihi a gasar a wancan lokaci. Daga nan ya wuce VVV-Venlo ta ƙasar Holan a 2010, sai CSKA Moscow ta Rasha a 2012, sai Leicester City ta Ingila a 2016. A gasar kofin duniya ta 2014 a Birazil ya zura wa Ajantina ƙwallo biyu, duk da cewa an ci mu 3-2, kuma wanda ya ci mu biyu daga cikin ukun nan, wato Lionel Messi, shi ma tsawonsu ɗaya ne da Musa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne wasan ranar 22 ga Yunin 2018 a birnin Volgograd, tsakaninmu da ƙasar Iceland, waɗanda ke cikin dogayen tawagogin gasar. Duk wanda ya kalli wasan zai tuna ƙwallo ta biyu. An cilla doguwar ƙwallo ɓangaren hagu, Musa ya tsere wa ɗan bayansu Kari Arnason, ƙato dogo, ya kewaye gola, sannan ya natsu ya zaɓi inda zai aje ta. Tsawon Arnason bai tsinana masa komai ba, domin a ƙasa aka yi rigimar ba a sama ba.

To amma na san abin da mai karatu zai ce: ai ɗan wasan gaba ne, kuma tun zamanin Pele da Maradona kowa ya yarda gajere na iya cin ƙwallo. Gaskiya ne. Inda gardamar take da zafi shi ne wuraren da aikin kansa ke neman tsawo, kuma a ƙwallon ƙafa babu kamar tsaron gida. Tsayin raga mita 2.44 ne, faɗinta mita 7.32, kuma ba a rage wa gajere ko taƙi ɗaya.

A shekarun 1970 idan aka ce gola a Najeriya, to Emmanuel Okala na ƙungiyar Rangers ta Inugu ake nufi, mutum kamar rimi, tsawonsa kusan mita biyu. Shi ne ya dasa wa 'yan ƙasar nan tunanin cewa haka gola yake. Amma da aka zo gasar kofin Afirka ta 1980 a Legas, sai koci Otto Gloria ɗan Birazil ya fifita Best Ogedegbe na Shooting Stars ta Ibadan, wanda ko kusa bai kai Okala tsawo ba, kuma da shi a raga aka lallasa Aljeriya 3-0 aka ɗauki kofin a karon farko.

Sai kuma Vincent Enyeama, wanda a ganina shi ne babbar hujja a wannan magana, ta kowane ɓangare. Tsawonsa kimanin mita 1.80 ne. A kasuwar Keffi wannan dogo ne, amma a cikin gololin Turai, inda irin su Thibaut Courtois ke taɓa mita biyu, gajere ne sosai. Yana ɗan shekara 19 koci Festus Onigbinde ya sa shi a raga a wasanmu da Ingila a kofin duniya na 2002, aka tashi babu ci. Ya ɗauki kofin zakarun Afirka da Enyimba ta Aba a 2003 da 2004. Duk da haka manyan ƙungiyoyin Turai ba su yi rububinsa ba, sai Isra'ila ya tafi a 2005, ya yi shekaru a Bnei Yehuda da Hapoel Tel Aviv. Sai da ya hana Messi sakat a kofin duniya na 2010 a Johannesburg, har aka ba shi gwarzon wasa alhali mu aka ci 1-0, sannan Lille ta Faransa ta ɗauke shi a 2011. A 2013 ya ci kofin Afirka da Najeriya, kuma a ƙarshen wannan shekarar ya yi wasa 11 a jere a gasar Faransa ba a zura masa ƙwallo ba, minti 1,062 ke nan. Ya buga wa ƙasa wasa 101.

Yaya aka yi gajere ya yi wannan? Wanda ya lura da tsaronsa zai ga ƙafa ce ke yi masa aiki kafin hannu. Yakan gyara tsayuwa tun maharbi bai ɗaga ƙafa ba, yakan fito ya rage wa ɗan wasa fili, kuma ƙwallon da aka buga ƙasa-ƙasa kusa da ƙafar gola, wadda ita ce ke wahalar da dogo saboda nisan da zai yi kafin ya kai ƙasa, ita ce abincinsa.

Amma ba zan ɓoye ɗaya ɓangaren ba. Ranar 30 ga Yunin 2014 a Brasilia, muna riƙe da Faransa babu ci har minti na 79, kuma Enyeama ne ya riƙe mu. Sai aka bugo kwana, ya fito ya miƙa hannu, yatsunsa kawai suka taɓa ƙwallon, ta faɗa kan Paul Pogba, dogo mai mita 1.91, ya sa mata kai. Da hannun nan ya ƙara taƙi guda, wataƙila da labarin ya sha bamban. Abin dariya a ciki, in akwai, shi ne wanda ya bugo kwanar, Mathieu Valbuena, mita 1.67 ne kacal, wato gajere ne ya auna gajere. Saboda haka wanda ya ce tsawo ba ya da amfani a raga, bai faɗi gaskiya ba. Tambayar ita ce, ƙwallo nawa irin wannan aka ci shi, kuma nawa ya hana waɗanda dogo ba zai kai gare su ba?

Wannan gardama ba tamu ce mu kaɗai ba. A Amurka suna da nasu wasan mai kama da zari-ruga, wanda ake yi da hular kwano, kuma a ciki akwai ɗan wasa guda da suke kira kwatabak. Shi ne jagoran hari, shi ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowane yunƙuri, ya duba fili cikin daƙiƙa biyu ko uku ya jefa wa abokin wasansa da ke gudu can gaba. Matsalar ita ce a gabansa akwai ƙatti biyar masu kare shi, yawancinsu sun kai mita 1.95, ga kuma ƙattin abokan gaba suna ɗaga hannu don su tare jifa. Don haka shekara da shekaru masu ƙungiyoyi suka yanke cewa wanda bai kai wajen mita 1.90 ba, ba zai hango komai ba.

Doug Flutie, mai mita 1.78, shi ne ya fi ɗanɗana wannan hukunci. A 1984 shi ne gwarzon 'yan wasan jami'o'in Amurka baki ɗaya, amma da ya shiga babbar gasar NFL, a Chicago da New England, ba a taɓa sakin jiki da shi ba. A 1990 ya tsallaka Kanada, inda ya zama gwarzon shekara har sau shida, ya ɗauki kofi sau uku. Sai a 1998, yana da shekara 35, ƙungiyar Buffalo ta dawo da shi, kuma ya nuna ya iya. Shekarun ƙarfinsa takwas a ƙasar maƙwabta ya yi su.

Bayansa sai Drew Brees, mai mita 1.83, wanda ya ɗauki kofin Super Bowl da New Orleans a Fabrairun 2010. Sai labarin 2012, lokacin zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i. Ƙungiyar Denver ta ɗauki Brock Osweiler, mai mita 2.01, a lamba ta 57, shi kuwa Russell Wilson mai mita 1.80 sai da aka kai lamba ta 75 sannan Seattle ta ɗauke shi. A Fabrairun 2014 Wilson ya jagoranci Seattle ta ragargaji Denver ɗin nan 43-8 a wasan ƙarshe, Osweiler yana cikin 'yan benci. Ashe gajeren ba ta saman kawunan ƙatti yake kallo ba, ta tsakaninsu yake leƙe, kuma ko dogon ma haka yake yi sau da yawa. Salon wasan ma ya sauya, yanzu kwatabak kan ja baya 'yan taku tun kafin a miƙo masa ƙwallo, fili ya buɗe masa. Da masu zaɓe suka ga haka, sai ga Kyler Murray mai mita 1.78 an ɗauke shi lamba ta ɗaya a 2019, Bryce Young mai irin tsawonsa shi ma lamba ta ɗaya a 2023. Tsawon Flutie ne fa wannan, bai ƙaru ba. Duk da haka dai har yau dogaye ne suka fi ɗaukar kofin, irin su Tom Brady mai mita 1.93 da ya ɗauka sau bakwai.

Ni a kasuwa na tashi, a shagon mahaifina, kuma a nan na fahimci abin da ke faruwa. Idan maigida ya aiki yaronsa sayen doya, yaron manya zai zaɓo. Idan aka yanka aka tarar da ruɓa a ciki, zai ce "Alhaji ai ka ga girmanta, wa zai sani?" kuma a bar maganar. Amma in ya zaɓo ƙanana suka ɓaci, za a ce wane irin sakarci ne ya sa ya bar manya. Haka koci yake. In ya ɗauki dogo ya gaza, laifin dogon ne. In ya ɗauki gajere ya gaza, laifin kocin ne, kuma aikinsa na iya tafiya. Shi ya sa gola dogo kan yi kuskure biyar ana cewa zai gyaru, gajere kuwa ya yi ɗaya a ce dama mun faɗa. Ƙarancin gajeru a raga, wanda ake kafa hujja da shi, rabinsa daga nan ya samo asali, tunda wanda ba a bari ya shiga ba, ba zai fito a lissafi ba.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Yaro ɗan shekara 14 bai gama girma ba, wani sai ya kai 17 ko 18 yake miƙewa. A gasannin yara na unguwanni kuwa kowa ya san ana cusa waɗanda suka girme wa ƙa'ida da shekara uku ko huɗu, sai a tsayar da yaro na gaskiya kusa da mai aske gemu, a ce yaron ba shi da jiki. Mu da iyayenmu suka zo garin nan fatauci, ba mu da wani babba a hukumar wasanni da zai ɗaga waya a sake duba ɗanmu, don haka in an sallame shi ranar farko, shi ke nan.

Roƙona ga masu riƙe da ƙungiyoyin unguwanni a Keffi, musamman 'yan uwanmu da ke ciki, shi ne a bar yaro ya tsaya a raga wasa uku cikakku kafin a yanke masa hukunci, a buga masa ta ƙasa, a buga masa ta sama, a bugo masa kwana a ga yadda yake fita. In ya gaza a kwana, a gaya masa a kwana ya gaza, a sa dogon ɗan baya ya riƙa rufa masa kamar yadda Joseph Yobo ya yi wa Enyeama shekara da shekaru.