Mene ne "latéral" da ake gani a takardar likita?

Wanda ya taɓa karɓo takardar radiyo daga asibiti (ta hoton ƙashi muke nufi, ba tamu ba) wataƙila ya ga kalmar "latéral" gabansa ya faɗi. To, ba sunan cuta ba ne. Daga Latin ta fito, inda "latus" ke nufin gefe.

Likitoci kan ɗauka kamar an ja layi daga tsakar ka, ya bi ta hanci da cibiya, ya raba mutum biyu. Abin da ya fi nisa da layin shi ne "latéral", wanda ya fi kusa kuma "médial". In an gwada da ido, kunne ne na gefe. A gwiwa, ɓangaren waje ke nan. Kalmar ba ta faɗin dama ko hagu, sai an ƙara "droit" ko "gauche". In kuka ga "bilatéral", ɓangarorin biyu abin ya shafa.

Masunta ma sun san ta a ido: layin nan na gefen karfasa, da shi kifi ke jin motsin ruwa.

Inda ta fi shafar mu shi ne PLS, wato kwanciyar gefe. In mutum ya suma amma yana numfashi, kamar bayan farfaɗiya, a juya shi kan gefensa, baki ya ɗan kalli ƙasa, don kada amai ko harshe su toshe masa numfashi. Kada a ɗura masa ruwa, don Allah. In haɗarin babur ne kuma ana tsoron wuya ya taɓu, kada a jijjiga shi, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18.